Takalmin da Ruwa Ya Daka a Soron Ɗinki

Yaran majalisarmu ta Kabara sun ce wai ni ban taɓa yin aiki ba a rayuwata. Wai shekara da shekaru ina zaune a kan benci ina jin rediyo, aka kira shi aikin gwamnati. Wanda ya fi su baki, mai gyaran wayar nan na bakin titi, har cewa ya yi idan jami'a ta tashi ɗaukar ma'aikata in yi masa hanya ya gaje ni, don shi ma bayansa yana son hutu. Na ce masa to. Amma tunda ba kwa barina in kai ƙarshen zance sai kun katse ni da dariya, ga shi na rubuta. Ku yi haƙuri da rubutun. A aji huɗu na firamare ni da boko muka raba gari, kuma malaman sun fi ni murna.

Ni ne Sale Masinja. A ofishin ba wa ɗalibai shawara na yi aiki har na yi ritaya. Wuri ne da ɗalibi yake zuwa idan abu ya cushe masa a rai: karatu ya ƙi shiga, ko barci ya guje shi, ko ya fara shan abin da bai kamata ba, ko kuma kawai ya wayi gari duniya ta yi masa baƙi bai san dalili ba. Sai ya zauna da mai ba da shawara su yi magana, in abin ya fi ƙarfin magana a haɗa shi da likita. Ɗalibai kuwa ofishin mahaukata suke ce masa. Wannan mugun sunan shi ne rabin aikina. Sunayen da za ku ji a nan na canza su, da sana'ar mutanen, kuma sai da na nemi izinin masu labarin, don haka kada wani ya tafi lungu yana leƙe-leƙe.

Daga sashen jarrabawa aka turo ni, saboda surutu. Wani babba ya duba ya ga mutumin da ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce a kai shi inda ake riƙe sirri. Har yau ban gane hikimar ba.

Ranar da na fara, Malam Garba Dogo, tsohon masinjan da zan gada, ya zaunar da ni a kan benci. Wata yarinya ta zo ta shiga wajen shugabar ofishin, Malama Rabi. Dogo ya nuna bakin ƙofa da haɓa.

"Me ka gani?"

"Takalmi."

"Na wa?"

"Na yarinyar da ta shiga mana."

"To, kai da ka zo yau ka sani. Ƙawayenta da suke kwana ɗaki ɗaya fa? In ɗaya ta gifta ta nan, kafin la'asar duk ɗakin kwanan mata ya ji wance ta haukace."

Ya sunkuya ya ɗauke takalmin, ya saka a wani kwalin sabulu da ke ƙarƙashin bencin, ya rufe. Malama Rabi ta sha ce musu su shigo da takalmansu, amma ina. Ɗan Kano ba zai taka dardumar babba da takalmi ba ko da bulala kake bin sa. To wannan kwalin shi ne kayan aikina na farko. Kuma ɗaukar takalmin ma da yadda ake yi. Ba a gaban mai shi ba, kada ya ga kamar abin kunya ya zo yi. Sai ya shiga ka ɗauke, kana jin an ja kujera za a fito ka mayar, yadda ya ajiye, bakinsa yana kallon inda yake kallo. Akwai waɗanda suka yi ta zuwa har suka gama makaranta ba su san takalminsu ya taɓa barin wurin ba.

Na biyu shi ne rediyon da kuke yi mini gori da shi. Ƙofar ofishin katako ce marar kauri, in aka yi atishawa a ciki sai na ce yarhamukallahu. Rediyon ba don ni aka ajiye shi ba. Idan muryar ɗalibi ta fara rawa, sai ka ɗan ƙara sauti. Idan kuka ya ɓalle, ka ƙara sosai, amma a hankali, kada masu wucewa su gane lissafin. Kuma ba kowane shiri ba. Waƙa ba ta rufe kuka, ta ƙarƙashinta yake bi ya fito. Shirin siyasa, inda mutum biyu suke ta yi wa juna ihu, shi ne maganin abin. Na saurari 'yan siyasa fiye da matansu, kuma Allah ya sani ban ƙaru da komai ba.

Sai randar ruwan sanyi da kofi, da takardar share hawaye, da buta. Wanda ya yi kuka ba ya son fita da jan ido. Sai ka miƙa masa buta ka ce, "Samari, ga ruwa ko za ka yi alwala." Wanda ya fito da jiƙaƙƙiyar fuska daga alwala ba mai tambayarsa komai.

Masu zuwa kuwa iri-iri ne. Akwai mai wucewa ya dawo, ya wuce ya dawo, yana karanta allon sanarwa kamar za a yi masa jarrabawa a kai. Akwai mai tambayar ina banɗaki yake, alhali ga shi a gabansa. Akwai wadda za ta ce ƙawarta ce ba ta iya barci, ita dai aiko ta aka yi. Dogo ya ce mini, "Kada ka yi musu kallon mai sayar da gwanjo ya ga baƙo. In ka taso, sun gudu." Sai dai ka matsa gefe ka bar wuri a benci, ka ci gaba da murɗa rediyonka. In ya zauna, ka ce cikin iska, "Malama tana ciki, ba kowa." Shi ke nan. Ka ja bakinka. Ni da aka haifa da baki biyu, wannan ne ya kusa kashe ni.

Abin da ya fi wuya shi ne gaisuwa. Doka ce: in ka haɗu da ɗalibin ofis a gari, ba ka san shi ba, sai in shi ya fara gaishe ka. Ku yi tunani, mutumin cikin gari ya ga fuskar da ya sani ya wuce. Wata rana a Ƙofar Wambai muka yi kiciɓis da wata ɗalibarmu tana tare da mahaifiyarta. Na ga tsoro a fuskarta. Na juya na kama wani bokiti ina ƙwanƙwasa gindinsa, ina tambayar mai shi ko yana ɗaukar zafi, har suka ɓace. Mai bokitin ya ce, "Baba, saya za ka yi ko aurensa?"

Yanzu in ba ku labarin Kabiru, don shi ne ya sa na ɗauki biro.

Ɗalibi ne a sashen injiniya, dogo, marar magana. Ranar da ya fara zuwa yana ganina ya ja da baya, don ɗan Soron Ɗinki ne, maƙwabtanmu, ya san fuskata a masallacin Juma'a. Na ce, "Samari, ni ban san ka ba, kuma ko na san ka, ciwon mantuwa gare ni, matata ma sai ta nuna katin shaida." Ya ɗan yi murmushi ya shiga. Takalminsa na fata ne, irin na wajen dukawa, maɗaurin ƙafar hagu ya taɓa tsinkewa an ɗinke shi da koren zare. Na saka shi a kwali na fitar har hannuna ya san nauyinsa. Abin da suke faɗa a ciki ban sani ba, ba aikina ba ne. Na dai san shi ba ya sa ni ƙara sauti. Irinsu ne suka fi ba ni tsoro, masu shiru.

Sai shekarar dogon yajin aiki ta zo. Aka rufe makaranta, aka kori ɗalibai daga ɗakunan kwana, kowa ya koma gida. Ita ce muguwar shekarar sana'armu. Mutane suna ganin ɗalibi ya samu hutu. Malama Rabi ta ce mini, "Baba Sale, wasu gida hutu ne a gare su. Wasu kuma ofishin nan ne kaɗai inda suke buɗe baki." Ta koma bin su ta waya daga gidanta. Wani ya ɗauka, wani a gaban iyayensa yake sai ya ce lambar kuskure ce, wani wayar ma an sayar. Ni kuma nakan je in share ofis, in cika randa ba mai sha, in dawo. Damina ta sauka, ta yi nisa, ba labarin komawa.

Wata rana bayan azahar ina kishingiɗe a ƙofar gida wayata ta yi ƙara.

"Baba Sale, kana ina?"

"Ina inda gwamnati ta ajiye ni, Malama, a kan tabarma."

Ba ta yi dariya ba. Nan na tashi zaune.

"Ka tuna Kabiru? Wayarsa a kashe take tun makon jiya. Maganar ƙarshe da muka yi ba ta yi mini daɗi ba. Ba zan faɗa maka abin da ya ce ba, amma ina tsoron ransa. Abin da na sani kawai, Soron Ɗinki, gidan Alhaji Inuwa mai robobi. Ni ga ni nan tafe, amma daga bayan gari nake, kuma ban san lungun ba. Ka riga ni. Ka gan shi da idonka, ba na son an ce yana lafiya. Kada ka faɗi ofishin da kake. In akwai abin da za a faɗa wa iyayensa, ni zan faɗa."

Na zura riga a baibai, sai a hanya na gane. Na ja kekena. Neman gida a cikin gari ba wuya, tambaya ɗaya ce, amma tambayar tana da ƙafa, takan riga ka isa. Na tsaya wajen wata tsohuwa mai kayan miya na ce ina neman Alhaji Inuwa ne kan maganar bokitai, za mu yi biki. Ta kwatanta mini, ta ƙara da cewa, "Ai kuwa ka yi sa'a, kwanan nan ba ya fita kasuwa." Ɗan kasuwar Ƙofar Wambai ya zauna a gida da rana tsaka, ba shi da ciwo, to ciwon yana jikin wani.

Na yi sallama a zaure. Yana nan zaune a kan buzu, dattijo fari mai furfura, carbi a hannu amma ba ya ja. A cikin zauren, ta hannun dama, akwai ƙofar shago, ɗakin da ake ba wa saurayin gida. A rufe take. A bakinta an ajiye kwanon abinci da murfi, ga wani a gefensa, ƙudaje suna bin na biyun. Daga can bakin zauren, inda feshin ruwa yake kaiwa, ga takalmin fata mai koren zare. Ruwa ya dake shi ya bushe, ya sake dukansa, har fatar ta yi tauri ta lanƙwashe kamar busasshen kifi. Wannan takalmin ko masallaci bai je ba, an daɗe.

Muka shiga gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya kasuwa, ya jama'a. Na ja ta har ta ƙare, na sake ɗauko ta daga farko. Sannan na ce, "Alhaji, daga makarantar su Kabiru nake. Hanya ce ta biyo da ni, na ce bari in gaishe shi."

Bai kalli ƙofar shagon ba. Ko'ina ya kalla ban da nan.

"Ayya. Yaron wajenmu ya yi tafiya."

"Allah sarki. Nesa?"

"Wajen dangin uwarsa."

To, ku masu cewa aikin ba wuya, ku faɗa mini abin da za ku yi. Ba zan ƙaryata dattijo a zaurensa ba. Ba zan faɗi abin da ya kawo ni ba. Shi yana ɓoye yaron don kada unguwa ta ji, ni ina ɓoye yaron don an ba ni amana, ga yaron a bayan ƙofa tsakaninmu, ban sani ba ko yana numfashi. A al'ada nan ne zan ce to a gaishe shi in ya dawo, in tashi. Sai na gyara zama na ce, "Alhaji, ko za a taimaka mini da ruwa? Keken nan ya tsufa, mai shi ya fi shi."

Ya shiga ciki da kansa ya kawo. Kafin ya dawo na kai kunnena jikin ƙofar. Ba tari, ba motsin katifa, ba komai. Na ce a hankali, "Kabiru." Shiru. Na koma mazaunina kafin inuwar Alhaji ta shigo.

Na sha ruwan kamar mai shan magani, kurɓi-kurɓi. Na tambaye shi bambancin robar da take fashewa a rana da wadda ba ta fashewa. Na ba shi labarin wani bahon matata. Yana amsawa da "haka ne", "ƙwarai", yana jiran in tafi, ni kuma kunnena ɗaya yana kan ƙofa. Wayata ta yi motsi a aljihu, na ce bari in duba kekena, na fita lungu.

"Malama, yana ciki. Takalminsa yana nan, abincinsa ba a taɓa ba. Uban ya ce ya yi tafiya. Ban gan shi ba, ban ji motsi ba."

Na ji ta ja numfashi. "Kada ka bar ƙofar nan. Mun kusa, hanya ce ta cushe. Kwatanta wa mai adaidaita inda zai tsaya."

Na kwatanta, na koma. Alhaji ya gan ni na sake zama, ya dube ni sosai a karon farko. Na san ya gane ba gaisuwa ce ta kawo ni ba, shi ma ya san na ga kwanukan. Ban taɓa yin zama mai tsawo irin wannan ba, kuma ni gwanin zama ne.

Malama Rabi ta iso da hijabinta har ƙasa. Ta russuna ta gaishe da Alhaji, ta ce ta zo gaida Hajiya, ta wuce cikin gida. Abin da ni ba zan iya ba ke nan, mace ba a tsayar da ita a zaure. Muka ji muryoyin mata ƙasa-ƙasa, sai muka ji kukan uwa. Carbin Alhaji ya faɗi a kan buzu, bai ɗauka ba.

Da ta fito, Hajiya ta biyo ta ta tsaya a bayan labulen ƙofar ciki. Malama ta durƙusa a gaban Alhaji.

"Alhaji, ka yi mini afuwa. Ni ma'aikaciyar jami'a ce, aikina zama da ɗaliban da damuwa ta yi wa yawa. Kabiru yana zuwa wajena. Da ba zan faɗa ba, don amanarsa ce. Amma yau ina tsoron ransa, kuma rai ya fi sirri. Ina so a buɗe ƙofar nan yanzu."

Alhaji ya sunkuyar da kai. "Mun yi addu'a, Malama. An yi sauka, an yi sadaka."

"Allah ya karɓa, kuma a ci gaba. Amma ciwo ne, Alhaji, kamar hawan jini, yana da likita. Yaushe aka ji motsinsa?"

Daga bayan labule Hajiya ta ce, "Jiya da yamma na ji tarinsa."

"Yau fa?"

Hajiya ta ce yau ba ta ji komai ba.

Malama ta tashi ta ƙwanƙwasa. "Kabiru, Malama Rabi ce. Ba faɗa na zo yi ba. Ka buɗe in gan ka." Shiru. Ta sake. Ni ma na matsa na ce, "Samari, tsohon nan ne mai ciwon mantuwa. Ka buɗe in tuna ko waye." Ko ni ban ji daɗin muryata ba. Na duba ƙofar, ta ƙarfe ce, sakata ta ciki. Na ce a kira mai walda, ko da unguwa za ta taru. Malama ta ce in tafi in kira. Har na sa ƙafa a waje, ta juya wajen Alhaji.

"Alhaji, kai ka kira shi?"

"Kullum in zan tafi masallaci ina buga ƙofar, in ce, kai, salla."

"Da sunansa fa?"

Ya dube ta kamar ta ce ya tuɓe riga a kasuwa. "Malama, ɗan fari ne."

Ku yaran yanzu da kuke ɗaukar hoto da 'ya'yanku a kafaɗa ba za ku gane ba. A gidajenmu na cikin gari, uba ba ya faɗin sunan ɗansa na fari. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Yaron nan, yaron wajenmu, kai. Tun ranar suna har yaron ya yi gemu, sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba, bai taɓa shiga ɗakinsa ba, ba su taɓa zama su biyu ba. Ni ma haka ubana ya yi mini, sai da na girma na gane ya san sunana.

Malama ta matsa daga bakin ƙofar kawai. Alhaji ya dafa bango ya miƙe. Ya tsaya a gaban ƙofar, ya buɗe baki ya rufe. Ya waiwaya ya dube ni, na juya ina kallon kekena.

"Kabiru."

Sunan ya fito masa a karkace, kamar baƙon yare. Hajiya ta toshe bakinta da mayafi.

"Kabiru, ni ne. Babanka. Ka buɗe mini."

Ƙafata ɗaya tana zaure ɗaya tana lungu, ina shawarar in ruga wajen mai walda. Sai muka ji ƙarar katifa. Sai jan ƙafa. Sai sakata.

Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, gashi ya cukurkuɗe, leɓe ya bushe. Amma a tsaye yake. Bai kalli Malama ba, bai kalle ni ba, ubansa yake kallo. Alhaji ya rasa inda zai sa hannunsa, daga ƙarshe ya kama masa gefen riga ya riƙe.

Malama ta shiga ɗakin tare da Hajiya, aka bar ƙofar a buɗe kaɗan. Ga zaure a kan hanya, mutane suna giftawa, ga murya tana fitowa, ni kuma ban zo da rediyo ba. Sai na zauna a bakin zauren na cika shi da jikina, na ɗaga murya ina yi wa Alhaji ƙorafin robar zamani, wai ta da ta fi ƙarko. Duk wanda ya wuce ya ga wani tsoho yana ciniki da ihu. Alhaji bai ji ko kalma ɗaya ba, amma yana ta cewa "ƙwarai".

Malama ta fito ta ce asibiti, yau, ba gobe ba, ta riga ta yi magana da likitan ƙwaƙwalwa yana jira. Adaidaita ba ta shiga lungun, sai an taka zuwa titi, ga shi an idar da la'asar mutane sun fito. Takalmin Kabiru ya ƙi shiga ƙafa don tauri, Hajiya ta miƙo silifas. Alhaji ya wuce gaba, yaron a tsakiya, Malama a baya. A bakin masallaci wani ya ce, "Alhaji, lafiya?"

"Zazzaɓi ne."

Na ce da ƙarfi, "Ai zazzaɓin bana ba dama." Suka shiga adaidaita suka tafi. Babu wurin da zan zauna a ciki, kuma aikina ya ƙare a nan. Masinja ba ya bin mutum asibiti, ba ya kuma kiran Malama ya tambayi yaya aka yi. In an ga dama a faɗa maka. Na tura kekena zuwa gida. Matata ta tambayi inda na je da riga a baibai, na ce kallon bokitai.

Washegari bayan an fito daga sallar asuba, ko shayi ban sha ba, na ji sallama a ƙofar gidana. Muryar Alhaji Inuwa. Kun san abin da yake kawo dattijo ƙofar wanda bai sani ba da sassafe haka. Na nemi hulata na rasa, na fita ba ita.

Yana tsaye da rigar jiya. Muka fara gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya kwanan jama'a. Ina amsawa ina kallon bakinsa, ina jiran innalillahi. Bai tsallake ko guda ba, har ruwan da aka yi shekaranjiya sai da ya tambaya.

Sannan ya ce, "An kwantar da shi. Likita ya ce zai ɗauki lokaci." Ya ƙara da cewa, "Ya sha koko. Kabiru ya sha koko, ya ce a ƙara masa."

Na zauna a kan dakali. Na ce alhamdu lillahi ban san sau nawa ba. Shi ma ya zauna a gefena, muna kallon masu tallar ƙosai suna wucewa. Na ɗauka ya gama, amma bai tashi ba. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Malam Sale."

"Na'am, Alhaji."

"Tun da yaron nan ya rufe ƙofa ban yi barcin kirki ba. Ko jiya da aka ce ya samu sauƙi, idona biyu. In na kwanta sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji." Ya kalli lungu dama da hagu, ya rage murya. "Ofishin nan naku. Dole sai ɗalibi?"

Na ce, "Alhaji, wannan ya fi ƙarfina, ni masinja ne. Amma yau ɗin nan zan kai saƙo."